Tsokokin Dariya

Ranar da aka sallamo matarsa daga asibiti, ƙaninsa ya ba ta dariya har ta yi hawaye. Tun daga ranar Malam bai sake samun sukuni a gidansa ba.

Aikin ƙaba aka yi mata, a saman cibiya. Malam ya san ciwon kamar yunwar cikinsa, domin kafin ya yi ritaya abin da ya koyar ke nan a makarantar ma'aikatan jinya: sassan jikin ɗan Adam, tun daga ƙoƙon kai har tafin ƙafa. Tsokoki biyu ne dogaye a gaban ciki, sun sauko daga ƙarƙashin haƙarƙari zuwa mara, kafaɗa da kafaɗa, wata farar jijiya ta haɗe su a tsakiya. Ciki biyar da matar ta ɗauka shi ya yi ta buɗa su. Kowane yaro ya ƙara tazarar, ya fito ya bar mata, har jijiyar ta sirance kamar tsohon zane. Da girma ya zo sai ta ɓule, hanji ya samu taga yana leƙowa. Likita ta mayar da hanjin, ta shimfiɗa raga, ta ɗinke.

Kafin a shiga da ita ɗakin tiyata, Malam ya zauna a bakin gado ya yi mata wannan bayani kaf. Ya haɗa har da tsokoki uku na gefe masu hawa-hawa: ta waje ta gangaro a karkace, ta tsakiya ta haura a karkace, ta can ciki kuma ta zagaye kugu kamar ɗamara. Ta saurare shi da irin ladabin da ake yi wa mai tallan magani a cikin mota, sannan ta tambaye shi ko ya tuna ya kashe gas.

Ƙanin nasa tela ne. A waje Tela ake ce masa, a gida Auta, ko da yake furfura ta riga ta cinye masa gemu. Bai yi nisa a makaranta ba, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba, abin da Malam ya daɗe yana ganin rashin tunani ne. Ranar sallama ya riga su isa gida, yana riƙe da wata ɗamarar ciki mai laushi da ya ɗinka da hannunsa.

"Matarmu, sannu da dawowa daga hannun abokiyar sana'ata," in ji shi. "Ɗinkin nata ya miƙe kuwa, ko in kawo almakashi mu gyara?"

"Kai Auta, ka ji tsoron Allah, ko zama ban yi ba."

"Zauna, zauna. An ce har raga aka sa miki a ciki?"

"Haka suka ce."

"Madalla. Hanjinki sun huta da sauro."

Ta rarumo filo ta danna a kan cikinta kamar yadda aka koya mata a asibiti, ta lanƙwashe, kafaɗunta na rawa. "Wayyo cikina! Auta ka bari, don girman Allah ka bari!" Amma ba so take ya bari ba, makaho ma zai gane. Hawaye na bin kumatunta, dariyar ta ƙare da tari, ta tofar a tsumma, ta sake kallon Tela ta kuma fashewa.

Malam yana tsaye a bakin ƙofa da ledar magunguna a hannu. Shekara talatin da ɗoriya suna tare, bai taɓa jin wannan sautin ba. Shi abin da yake samu murmushi ne, da "sannu da aiki, Malam", da wata 'yar iska da take fitarwa ta hanci in ya gyara wa mai karanta labarai nahawu. Ya ɗauka iyakar abin da Allah ya ba ta ke nan. Ashe akwai sauran ajiya, ba shi aka ajiye wa ba.

Abin haushin, ya san dariya ciki da bai. Ya sha faɗa wa ɗalibai cewa dariya ba a baki take ba, a ciki take: tsokokin nan ne ke fizga, suna tunkuɗo iska waje guntu-guntu. Su ne dai na tari, su ne na atishawa, su ne na naƙuda. Zai iya zana ta a allo da alli kala uku. Sa ta fito ne kawai ya gagare shi.

Tela ya mayar da zuwa kullum. Da yamma in ya rufe shago sai a ji ƙarar ƙofar gida, sai muryarsa tun daga tsakar gida: "Ina mai raga?" Malam yakan gaisa da shi a taƙaice, ya koma ɗakin littattafansa, ya buɗe littafi, ya zauna a kan layi ɗaya har baƙon ya tafi. Bango ɗaya ne tsakani. Yana jin muryar Tela ƙasa-ƙasa, sai ɗan shiru, sai dariyar ta tashi, sai tari, sai "wayyo". Ya lura matar da ke wuni a kwance tana tashi zaune kafin lokacin. Ya lura tana gyara ɗankwali. Babu abin da yake zargi, ko kaɗan. Da ma zargi ne da ya fi sauƙi, domin zargi yana da suna, ana iya kai shi gaban manya. Wa zai je ya ce ƙanina yana faranta wa matata rai, a raba mu?

Wata yamma ya fito zai ɗebi ruwa, ya tarar ƙofar ɗakinta ba ta rufu duka ba. Bai yi niyyar leƙawa ba. Ya dai tsaya a inda ido ke iya shiga.

Tela na tsaye a tsakiyar ɗaki, ya saƙala tsohon tabaran Malam a kan tsinin hanci, hannu ɗaya a baya, ɗaya yana nuna bango da cokali. Ya yi gyaran murya sau biyu, gajere da dogo.

"A lura," in ji Tela, da wata murya da Malam ya ɗauki lokaci kafin ya gane tasa ce. "Abin da jahilai ke kira tumbi, a ilmance ba tumbi ba ne. Kafin mu kai ga haka, sai mun koma farkon halittar duniya."

"Wallahi shi ne!" Ta danne filo, tana dukan katifa da ɗaya hannun. "Har gyaran muryar! Yi na shayin, Auta, yi na shayin."

Tela ya ɗaga kofin da babu shi, ya shinshina, ya kurɓa, ya dubi sama. "Wannan shayi yana da kyakkyawar niyya."

Sai da ta kusa shiɗewa. Da tarin ya lafa ta share ido ta ce, "Ya isa haka, kar ya ji. Ka san shi."

Malam ya koma bai sha ruwan ba. Kwaikwayon bai yi masa ciwo kamar kalmomin ƙarshe ba. Ka san shi. Ashe mutum biyu ne suka san shi, suna zama su fito da shi su juya su mayar, shi kuwa yana bayan bango. Kuma wanda ke ba ta dariyar ma shi ne, Malam ɗin, amma sai an ara wa wani bakinsa. Na jabu ya fi na ainihi kasuwa.

Da suka koma asibiti a duba ɗinkin, ya bari aka shiga da ita wurin wanke ciwo, ya tare likitar a baranda. Mace ce matashiya, mai saurin tafiya, sai da ya ɗan bi ta.

"Likita, ina da tambaya. Yawan dariya ba zai ja ɗinkin ba?"

Ta tsaya. "Malam, ai kai ka fi ni sanin wannan. Ta yi dariyarta, ta yi tari, ta dai riƙa dannewa da filo. Kaya mai nauyi ne ban yarda ta ɗauka ba. Ni ba ɗinkin nake tsoro ba, huhunta nake tsoro. Ga ciwon suga, ga shekaru. In ta kwanta shiru tana numfashi sama-sama, majina za ta taru a ƙasa. Duk wanda ke sa ta dariya, a gode masa."

A mota matar ta tambaye shi, "Na hango ka da likita. Me ta ce?"

"Ta ce a kiyaye ɗinkin."

Malam ba ya ƙarya, ya tsani maƙaryata. Shi dai yana taƙaitawa, kamar kowane malami.

Da suka isa gida ya zaunar da ita ya ba ta labarin wani mutum da ya taɓa gani tun yana saurayi a bakin aiki, wanda ɗinkin cikinsa ya farke ana zaune, aka tare hanjinsa da tawul. Labarin gaskiya ne. Bai dai faɗa mata cewa ciwon mutumin ya riga ya ruɓe ba ne. Ya tuna mata cewa kowace fizga tana jan zaren. Ya ga fuskarta ta canza, ta kai hannu ta dafe ɗamarar, ya ji wani abu mai kama da nasara.

Washegari ya je shagon Tela. Ɗan ɗaki ne a bakin titi, ƙyallaye a ƙasa ko'ina, riguna rataye a igiya suna shafar kan mai shiga. Tela na kan keke, allurai a baki, awo a wuya.

"Auta, ina so ka ɗan ja baya da zuwa."

Tela ya tsayar da keken. Ya zare alluran daga bakinsa ɗaya bayan ɗaya, ya soke su a hannun rigarsa. "Na yi wani laifi ne, Yaya?"

"Ba maganar laifi ba ce. Maganar tsoka ce."

"Tsoka."

"Dariya tana jan ɗinki. Abin bai gama kamawa ba."

"To in zo in sa ta barci mana. Na iya wannan ma, sai ka ara mini littafinka guda."

Malam bai motsa fuska ba. Tela ya dube shi, irin duban da yake yi wa yadi kafin ya sa almakashi, ya daɗe yana duba. Murmushin ya sauka a hankali.

"Shi ke nan, Yaya," in ji shi. "Kai ka yi karatu."

Ya taka keken. Malam ya yi sallama, ƙarar ta haɗiye ta.

Gida ya yi tsit, irin tsit ɗin da Malam ya daɗe yana cewa yana so. Ya koma kan littafinsa, ya ga har yanzu layin nan ɗaya yake karantawa. Matar ta daina tashi zaune da yamma. Takan kwanta rigingine, hannu biyu a kan ɗamara, kamar mai gadin ƙwai. In ya kawo mata shayi ta ce an gode. Sau ɗaya ta tambaya, "Auta lafiya kuwa?"

"Aiki ya yi masa yawa."

Ta dube shi. Ta mayar da ido kan silin.

Kunnensa na tsohon malamin jinya bai mutu ba. Ya soma jin numfashinta ya gajarce, yana tsayawa a saman ƙirji. Ya ga tari na taso mata, ta matse baki, ta runtse ido, ta haɗiye shi.

"Ki yi tarin mana."

"Ka ce zai farke."

"Dariya na ce."

"Kai ka ce duk tsokokin ɗaya ne, na dariya da na tari."

Ashe tana sauraro. Duk shekarun nan da yake zaton bayaninsa na bin iska, ashe tana tsinta tana ajiyewa, ga shi yau ta miƙo masa a lokacin da ba ya so. Gyaran abu ne mai sauƙi. Ya ce likita ta ce ki yi dariya, ki yi tari, ni na rage maganar. Amma daga nan sai ta tambayi dalili, dalilin kuwa ba ya faɗuwa a bakin mutum mai furfura. Sai ya ce, "Ki yi a hankali, ki danne da filo." Ta yi wani ɗan tari na ladabi, wanda ko ƙura ba zai kora ba, don dai ya ƙyale ta.

Ya yanke shawarar shi zai yi aikin Tela da kansa. Me ke cikin abin? Ya duba littattafansa ya zaɓo wani labarin raha na wani alƙali da ɓarawon jaki. Ya ja kujera kusa da gadonta, ya fara da bayanin zamanin da abin ya faru da yadda shari'a take a lokacin, don kar ta rasa inda daɗin yake. Ya kai ƙarshe ya tsaya yana jira.

"Allah sarki," in ji ta. "Sai aka yi yaya?"

"Ai ya ƙare."

"To. Ya yi daɗi, Malam."

Zazzaɓin ya zo da safe. Kafin rana ta yi tsaka tana rawar ɗari, leɓɓanta sun bushe, tana magana tana hutawa a tsakiyar kalma. A asibiti likitar ta ɗora abin sauraro a bayanta, ta saurari dama, ta saurari hagu, ta koma dama ta daɗe.

"Tana tari kuwa a gida? Tana tashi tana zagayawa?"

"Ba sosai ba," in ji Malam.

Likitar ta ɗago ta dube shi, ta mayar da kai ta ci gaba da rubutu. Ɗinkin kuwa, ta ce, ya kama sarai, babu abin da ya same shi.

Babbar 'yarsu ce ta kira Tela a waya. Ya zo da zare manne a hularsa, ya tsaya a ƙofar ɗakin majinyata bai shigo ba, sai da Malam ya gyaɗa kai. An rufe wa matar hanci da baki da robar iska. Da ta gan shi gefen idanunta ya tattare. Ta ɗaga yatsa ta nuna cikinta, ta nuna shi, kamar mai cewa, to, faɗi wani abu mana. Tela ya buɗe baki, ya waiwaya ya dubi yayansa. Izini yake nema. Malam ya gane sarai. Ya ɗaga kai ya dubi ledar ƙarin ruwa, ya shiga lura da yadda take ɗiga.

"Allah ya ƙara sauƙi, matar Yaya," in ji Tela, ya koma kan benci a waje.

Kwanakin da suka biyo baya Malam ya zama ɗan aike. Abinci ba ya shiga, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Wata rana da hantsi aka rubuta wata allura da babu a asibitin, ya tsallaka titi ya sayo. Yana dawowa, ledar magani a hannun dama, fulas ɗin ruwan zafi a hagu, ya ci karo da ayarin ɗaliban jinya cikin fararen kaya a tsakiyar harabar asibiti. Wadda ke jagorantarsu, wata babbar ma'aikaciya mai ƙiba, ta zaro ido.

"Malam! La ilaha, Malam ne! Ku tsaya, yara. Ku gaida malaminmu. Duk abin da nake koya muku na sassan jiki, daga bakin wannan bawan Allah na ji shi."

Suka rusuna suka gaishe shi baki ɗaya. Rabon da a dube shi haka ya manta. Ya miƙe kafaɗu, ya ɗaga haɓa, ya shanye cikinsa ciki don tsayuwar ta yi kyau. Tsokar nan ta can ciki ta yi aikinta yadda ya kamata: kugu ya tsuke. Wandon, wanda mazaginsa tun kwanakin ƙiba aka saba ɗaure shi, ya rasa abin kamawa. Ya sulale salin alin ya taru a idon sawunsa.

Allah ya taimaka rigar doguwa ce. Amma ƙafafun a waje suke, sirara, masu furfura, cikin safa. Hannu biyu duk da kaya. Babbar ma'aikaciyar ta ɗaga kai tana nazarin gajimare. Wata ɗaliba a baya ta toshe baki, wani sauti ya kuɓuce mata ta hanci.

Malam ya dubi wandon, ya dubi ɗaliban. Ya ji bakinsa na cewa, "Wannan shi ne aikin tsoka ta uku ta gefe. Wanda bai gani ba ya matso, ba zan maimaita ba."

Harabar ta ɗauka. Ɗalibai suna dafa juna, wata ta durƙusa, babbar ma'aikaciyar ta jingina da mota tana share ido da bakin mayafi, tana cewa, "Malam ka kashe ni, ka kashe ni." Mai gadi ne ya karɓar masa fulas har ya ja wandonsa ya ɗaure.

Ya hau matakala da sauri, ba don kunya ba. Ya samu labarin dariya. Nasa ne, shi ya faru da shi, babu wanda ya ara masa. Abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne kar Tela ya riga shi. In labarin ya faɗa hannun Auta, zai ƙara masa gishiri, ya yi tafiyar, ya yi fuskar ma'aikaciyar, ya zama nasa. A'a. Wannan da bakinsa za ta ji. Ya tsaya a kwanar bene yana haki, yana shirya yadda zai fara. Ba zai yi gabatarwa ba. Ba zai bayyana tsokar ba sai a ƙarshe, ko ma ya bar ta. Zai ce a ɗaga mata kan gado, ya zare mata robar na ɗan lokaci, in ta yi tari ya riƙe ta da kansa. Ya gwada jimlar farko a ransa, ya sauya, ya sake gwadawa, har ya samu wadda ta zauna.

Da ya shiga ɗakin ya ga an ja labule an zagaye gadonta. 'Yarsu na zaune a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa. Tela na tsaye a wajen labulen, hularsa a hannu.

Daga baya likitar ta yi masa bayanin rasuwar a ofis, da tausasawa: huhun, da sugan, da zuciyar da ta gaji. Ta ce irin wannan yana faruwa ko an yi komai daidai. Malam ya gode mata. Ya san yadda ake taƙaita magana, ya gane in ana yi masa.

Tela yana zuwa gaishe shi lokaci-lokaci. Sukan zauna a tsakar gida, kowa da kofinsa, su yi maganar zafi da tsadar yadi. Bai taɓa tambayar komai ba, bai kuma sake yin raha a gidan ba. Labarin wandon bai kai kunnensa ba, Malam kuma bai ba kowa ba, ko 'ya'yansa. Yana nan yadda ya shirya shi a kwanar bene, bai wuce jimlar farko ba:

"Ke, tashi ki ji. Yau wandon mijinki ya faɗi a bainar jama'a."